Takalmi Mai Wuya a Rairayin Dakoro

Ɗan ƙanwata ya dawo daga Maradi da wani kambas mai dogon wuya, irin mai haɗiye idon sawu. Jikka goma sha biyu ya zube wa mai bosho. "Kawu, shi ake yayi yanzu," in ji shi, yana shafa shi kamar ɗan maraƙi. Na karɓa na juya, sai ga tauraro a gefe. Converse All Star ne, wanda aka fara ƙerawa a Amurka tun 1917 saboda 'yan ƙwallon kwando. Wato yaron da ke kiran rediyona tsohon yayi ya je ya sayo abin da ya girmi kakansa.

Waɗanda suka ƙera takalmin nan daɓen katako suka sani, ba su taɓa jin labarin ƙarangiya ba. Ranar farko da ya taka zuwa fada shan shayi, igiyoyin suka kwaso ta kamar an aike su. 'Yan ramukan nan biyu na gefe, da aka huda don ƙafa ta sha iska, rairayi suka sha. Ga bazara, ga safa, ga roba: ƙafar dai tana ciki tana dahuwa kamar dankali.

Amma a ƙofar masallaci ake yin ta. Mai silifa ya zare, ya yi alwala, ya shige sahu. Gogan naka kuwa yana tsugune yana kwance igiya rami bayan rami, har liman ya yi ruku'u. Sau biyar kullum! In ya samu shiga ma, rabin hankalinsa na bakin ƙofa yana gadi.

Ba zan cika baki ba, mu ma a zamaninmu mun ja wando mai faɗin ƙafa yana share wa gari hanya.

Da na ga yana ɗingishi na ce, "Kai yaro, ba ya matse ka?"

"Kaɗan ne, Kawu. Lamba 41 ce ta rage, ni kuma 43 nake sawa."

Yanzu da silifa yake yawo, takalmin na cikin leda a hammata, sai za a ɗauki hoto ake fiddo shi. Jiya na leƙa Facebook, na ƙirga samari huɗu na fadarsu, kowa ya harɗe ƙafa da takalmin nan guda, har da ƙarangiyar da ke maƙale a igiyar hagu.