Ba Ya Cizo

Maganganu uku na daina gaskatawa a duniyar nan: "gobe da safe ka zo ka karɓa" ta tela, da "saura mutum ɗaya" ta ɗan kamasho, da "ba ya cizo" ta mai kare. Biyun farko lokacina kawai suka ci. Ta ukun ce ta ci naman jikina, ta haɗa da babbar rigar yayana.

Ni malamin makaranta ne, haifaffen cikin garin Rano. In ana hirar tarihi ba na bari a riga ni tuna wa jama'a cewa muna cikin Hausa Bakwai, kuma sarkinmu ake wa kirari da Autan Bawo. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san ba ƙaramin mutum ne ya hau darbejiya ran nan ba.

Da hunturu abin ya faru, an gama girbi an kwashe kara, 'yan farauta na kan ganiyarsu. Wanda ya san Rano da Kibiya da Bunkure ya san farauta gado ce a yankin nan. Kaka na wucewa za ka ga a-kori-kura maƙare da samari da gorori da karnuka an nufi daji. Karnukan irin namu ne na gida, sirara, masu dogayen ƙafafu, ciki a shafe, in suka sa zomo a gaba sai dai wani ba shi ba. A daji dukiya ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, in an dawo gari ba wanda ke sanar da su cewa an tashi daga aiki.

Wata Asabar na shirya zuwa wani ƙauye a ƙasar Kibiya, gaida iyayen yarinyar da nake nema. Na aro babbar rigar yayana, farar shadda da ta sha aiki, wadda shi kansa sai da Sallah yake fito da ita. Da zai miƙo min sai da ya ce, "Ko miya ta ɗiga a kanta, ka nemi wani gidan." Na sayi goro na manya, na kuma sa aka yanka min balangu na ƙannen yarinya, don in samu masu yi min kamfe a cikin gida. Mai nama ya barbaɗe shi da yaji ya ƙunshe a takarda da leda, ni kuma da wayona na zura shi a aljihun riga don kada ƙura ta taɓa shi. Abokina ya goya ni a babur.

A bakin gari yashi ya riƙe babur. Na sauka na taka, abokina na turo shi a baya. Tsakanin masallaci da rijiya, a kan turbar da yaro da babba ke bi, na tarar da shi a kwance: jan kare mai yagaggen kunne. Can gefe wani dattijo mafarauci na zaune a kan buzu yana ɗaure bakin gorarsa da fata.

Na yi sallama na ce, "Baba, wannan da ya tare hanya fa?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Wuce abinka, Malam. Ba ya cizo."

Na yi taku uku. Karen ya buɗe ido ɗaya, ya ɗaga hanci sama, ya miƙe yana miƙa kamar ma'aikacin da aka kira ofis ranar hutu. Hausawa sun ce in ka ga kare na shinshina takalmi ɗauka zai yi. Wannan bai ko dubi takalmina ba. Aljihuna ya ƙura wa ido.

To ni fa na san abin da ake yi. Sau nawa na tsaya gaban allo ina gaya wa ɗalibai: in kare ya taso maka kada ka gudu, ka tsaya cak, ka saki hannuwanka, kada ka haɗa ido da shi. Ilimin nan yana nan a kaina ran nan, bai je ko'ina ba. Saƙon ne kawai bai isa ƙafa ba. Ya yi gurnani sau ɗaya, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Wanda bai taɓa gudu da babbar riga ba bai san wahala ba. Iska ta shige ta ta kumbura kamar tantin ɗaurin aure, hula ta yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma. Na waiga neman abokina, sai na ga babur ɗin da yashi ya riƙe ɗazu ya warke sarai, yana ta tada ƙura a hanyar Rano. Daga baya ya ce taimako ya tafi nema. Sai bayan la'asar ya dawo, shi kaɗai.

Samarin da ke zaune a majalisa suka zabura da sanduna. Har na fara jin sanyi a raina, sai dattijon ya miƙe ya ƙwala kira da iya ƙarfinsa: "Ƙyale-su! Ƙyale-su!"

Samarin suka ja birki. Babba ya yi magana. Wani ma komawa ya yi ya zauna. Biyu daga cikinsu baƙi ne irina, sauran kuma ruɗewa ta hana su tuna cewa Ƙyale-su sunan karen ne. Mutanenmu sun saba raɗa wa kare suna na habaici, don in an kira shi maƙwabci ya ji a jikinsa. Ban taɓa ganin aibin al'adar ba sai ran da aka ƙyale mu, ni da shi.

Darbejiyar da ke gaban wani gida na nufa. Na yi tsalle na cafke reshe, shi ma ya yi tsalle ya cafke abin da ya samu. Na ji shadda ta ce ƙyat, sannan na ji wani abu da ya fi shadda kusa da ni ya amsa. Tun ina yaro nake jin ana cewa zanen aro ba ya rufe katara. A zatona karin magana ce. Ashe rahoto ne.

Daga sama na ciro balangun na wurga masa. Ya cinye har da takardar, ya lashe baki, ya zauna a gindin bishiya yana jiran ƙari. Ana cikin haka mai gidan ya fito jin hayaniya. Cikin duk darbejiyoyin ƙasar Kibiya, ta ƙofar gidan surukina na zaɓa.

Tarbiyya ta ce in ka ga suruki ka durƙusa. Ba a dai taɓa koya mana yadda ake durƙuso a kan reshe ba. Na ɗan rusuna iya yadda zan iya na ce, "Ina wuni, Baba."

Ya ɗaga kai ya dube ni tsaf. "Lafiya lau. An zo lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Baba."

"Madalla. A sauko a sha ruwa mana."

"Nan ma da iska, Baba."

Da aka janye karen na sauko, nan take gari ya cika da likitoci. Wani ya ce a yanko gashin karen a ƙona a shafa. Wata tsohuwa ta aiko da toka. Wani ya ce a kashe karen kawai a huta. Allah ya kawo wata ma'aikaciyar lafiya 'yar garin, ta ture kowa ta ce sabulu da ruwa, a yi ta wankewa ana kwarara har minti 15, sannan a wuce asibiti yau ba gobe ba, karen kuma kada wanda ya taɓa shi. Haka aka kai ni bayan danga. Ƙanen yarinyar, wanda na yi niyyar saye da balangu, shi ya riƙe buta. Wani yaron ya riƙe wayata yana sanar da jama'a sauran minti nawa.

A asibiti jami'in da ya duba ni ya tambaya ko an yi wa karen rigakafi. Na buga waya aka tambayo mai shi. Amsar da ta dawo ita ce an ba shi maganin tauri tun yana ɗan kwikwiyo. Jami'in bai yi dariya ba. Ya ce cutar haukan kare ba a yi mata jinkiri, don in alamunta suka bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Ya rubuta min allura biyar: ta ranar, da ta kwana 3, da 7, da 14, da 28. Da na ji kuɗinsu sai ciwon ya tashi daga katara ya koma aljihu. Ya ce allurar da za a yi wa karen sau ɗaya a shekara, irin wadda ake haɗawa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, ba ta kama ƙafar wannan kuɗi ba. Sannan ya ce a sa wa karen ido kwana 10. In ya cika su garau, hankalina ya kwanta.

Daga ran nan duk faɗin masarautar Rano babu mai son lafiyar Ƙyale-su kamata. Bayan kowace sallah sai na sa shi a addu'a. Kullum aka tashi daga makaranta sai in hau babur a karkace in nufi Kibiya, in wuce gidan surukai in zarce gidan mafarauci. "Baba, ya ƙarfin jikinsa? Ya ci abinci? Ya sha ruwa? Da kansa ya sha?" Ran kwana na shida aka ce ya ƙi tuwo, na kwana ban runtsa ba, washegari na kai masa kai da ƙafa. Yarinyar ta aiko min da saƙo cewa in na gama zance da kare, ita ma tana nan da rai.

Da kwana goma suka cika aka zauna a zauren mai unguwa. Mafarauci ya kawo hujjoji uku: wasa karen yake yi, ni na gudu, kuma wane mai hankali ne ke yawo da balangu a aljihu cikin garin mafarauta? Ta ukun ta shige ni, na yi shiru.

Liman ya gyara zama ya ce a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk ɗan makarantar zaure ya bi ta kanta, an yarje a riƙe kare don kiwo ko farautar neman abinci, don haka ba wanda ya ce Baba ya rabu da karensa. Amma littafin nan dai shi ya ɗora wa mai dabbobi ɓarnar da suka yi a gonar mutane da dare. Kuma malaman Malikiyya sun ce mai kare mai cizo, in an yi masa kashedi bai ɗaure ba, abin da karen ya ɓata yana wuyansa.

Mai unguwa ya ce, "To, an taɓa yi masa kashedi?"

Zaure ya yi tsit. Can sai mai shayi ya naɗe ƙafar wando ya nuna tabo a sha-raɓa. Wani manomi ya nuna nasa a diddige. Ladan ya yi gyaran murya ya ce shi nasa da asuba ne, kuma ba wurin nunawa ba ne. Kowannensu an ce masa ba ya cizo, kowannensu kuma ya ce ya bar wa Allah, don dattijo ne, maƙwabci ne, in ya dawo daga daji ba ya hana kowa cinyar zomo. Kare ya shekara uku yana cin karensa babu babbaka, ba wanda ya taɓa buɗe baki.

Ana ta dariyar ladan sai wata mata ta turo 'yarta daga bayan ƙofa, yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, ta ce makon jiya ya kore ta ya ɓarar mata da farantin awara. Yarinyar ta tsaya kusa da ni. Na dube ta, na dubi inda bandejina yake. Daidai fuskarta. Ita ba ta isa kama reshe ba, ba ta da balangun fansa, in kuma ya ɗan yage ta ƙila tsoron faɗa ya hana ta gaya wa kowa. Jami'in nan ya gaya min kusan 40 cikin 100 na waɗanda cutar ke kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ba ni kaɗai na yi wannan awo da ido ba. Dattijon ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya sunkuyar da kai.

Mai unguwa ya yanke: daga yau ga kashedi a gaban shaidu. Kare in ba daji za a ba, yana ɗaure a gida. In za a ratsa gari da shi, igiya a wuyansa, ƙarshenta a hannun babba ba yaro ba. A kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa rigakafi a kawo takarda. Rabin kuɗin allura a kan mai kare. Na ce, "Ranka ya daɗe, rigar fa?" Ya ce tunda ba wanda ya taɓa kashedi, kuma ni na kai nama har gida, maganar riga an tashi ba kare bin damo. Rabin kuɗin ma da zabbi biyu aka biya ni. Sarƙar kuwa ni na saya, don na fi kowa sanin amfaninta.

An ba ni yarinyar. Surukina ya ce wanda ya gaida shi daga kan bishiya jini na zuba ba zai wulaƙanta masa 'ya ba. Rigar yayana tana wurin tela, kullum na je sai ya ce gobe da safe.

Ranar ɗaurin aure, da aka shafa fatiha muka fito, na hangi Ƙyale-su a ƙofar gidansu, ɗaure da sarƙata, ya yi ƙiba. Wani yaro cikin 'yan rakiyarmu na Rano ya nufe shi da guntun alkaki a hannu. Dattijon ya buɗe baki, na ga maganar nan ta taho har ta iso leɓe. Sai muka haɗa ido. Ya haɗiye ta, ya miƙa gora ya tare yaron.

"Kauce, ɗana," in ji shi. "Yana cizo."