Na'urorin Auna Barci: Waya Ko Agogo?

Na'urorin auna barci da aka fi sani iri biyu ne: manhajar da ake saukewa a waya, da abin da ake sanyawa a jiki, wato agogo ko zobe. Duka biyun alamu suke bi su yi kirdado. Awon barci na haƙiƙa a asibiti ake yin sa, inda ake manna wa mutum wayoyi a ka don karanta aikin ƙwaƙwalwa. Mai wannan rubutu bai san haka ba sai da ya yi asarar barcin wata guda.

Manhajar waya, irin Sleep Cycle da ta fito daga Suwidin a 2009, da sauti da motsi take aiki. Ana ajiye wayar a gefen katifa, ta yi ta sauraron numfashi da juye-juye har gari ya waye. Ba ta da tsada, sai dai waya ba ta san wa take saurare ba. Mai rubutun ya sauke wata ta kyauta, da safe ta ce ya yi minshari na awa uku. Da ya kunna sautin, sai ga ƙarar fanka, ga janareton maƙwabci, ga kukan akuya. Can ƙarshe ya ji wani gurnani mai firgita yara. Cikin murna ya kai wa uwargida hujjar cewa ita ke hana gidan barci. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Maigida, ai jiya a ɗakin yara na kwana."

Agogo da zobe, irin Fitbit da Apple Watch da zoben Oura na ƙasar Finland, haske suke haskawa cikin fata su ƙirga bugun jini, su haɗa da motsin hannu. Da wannan suke kintata matakan barci: mara nauyi, mai nauyi, da na mafarki, waɗanda ke zagayowa kusan duk minti 90. Sun fi waya sanin mai barcin, tunda a jikinsa suke, amma sukan ɗauki kwanciya shiru a matsayin barci. Mai rubutun ya sayo wani agogo mara suna a kasuwa. A daren farko aka ɗauke wuta, ya kwanta kamar gawa yana dakon sauro ɗaya har kiran asalatu. Agogon ya ba shi awa bakwai, har da jinjina. Barci mafi inganci da ya taɓa rubuta masa kuwa na ƙarfe 11 na safiyar Talata ne, daidai lokacin taron ofis, kuma sai da ya nuna wa shugabansa sakamakon kafin ya duba lokacin.

A 2017 wasu masu bincike a Amurka suka raɗa wa wata matsala suna orthosomnia: mutum ya damu da neman maki mai kyau a na'urar auna barci har barcin ya gagare shi. Mai rubutun ya kamu da ita ranar da ya haɗa waya da agogo a dare ɗaya, wannan ta ce awa huɗu, wancan ya ce takwas. Daga nan ya koma tashi ƙarfe 2 na dare don ya duba ko barci yake yi.

Waya ta dace da mai kwana shi kaɗai a ɗaki mara hayaniya. Agogo ya dace da mai son bin bugun zuciyarsa na tsawon makonni, muddin yana da wutar caji. Mai minsharin da numfashi ke yankewa kuwa, likita ya kamata ya gani. Agogon yanzu yana hannun ƙaramin ɗan mai rubutun, wayar tana kwana a falo, awon minshari kuma ya koma hannun uwargida, wadda ke bayar da sakamako nan take da gwiwar hannu.