Daga Birnin Gwari Zuwa Jidda

Kakana da ƙafa ya je Makka, ta Chadi da Sudan, sai da ya kwashe shekaru kafin ya dawo gida. Shi ya sa da Allah ya kira ni, Inna ta ɗaura mini guzurin da zai ishi ayari: dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, har da gorar zuma.

Na ce, "Inna, awa biyar ce fa a jirgi."

Ta ce, "Kai dai riƙe. Makka ba ta matso ba."

Ba ta matso ba kuwa. Daga Kaduna zuwa Jidda wajen kilomita 3,600 ne ta sama. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna kuwa kamar 120 ne, amma su suka fi cin rai. Mun bar Birnin Gwari da asuba, muka yi jiran rakiyar jami'an tsaro har hantsi ya dubi ludayi. Kafin Buruku taya ta yi faci, ga daji hagu da dama. Ban taɓa ganin fasinjoji sun taya direba ɗaga mota da irin wannan zumunci ba. A sansanin alhazai na Mando aka yi ta ce mana jirgi na nan tafe, har guzurin Inna ya ƙare ƙaf ban ga ko fiffikensa ba.

Da muka tashi, dattijon da ke gefena ya leƙa taga ya daɗe, sannan ya taɓa ni: "Ɗana, direban nan tsayawa ya yi?" Alhali muna keta sararin Chadi da gudun sama da kilomita 800 a awa.

Can wajen Sudan fitsari ya matsa mini, na shiga bayi. Na gama, na danna wani ɗan maɓalli, sai ramin nan ya yi wata irin zuƙa da ƙara kamar cikin jirgin ya huje. Na banko ƙofa ina salati, hannu ɗaya riƙe da harami, takalmi ƙafa ɗaya. Ma'aikaciyar jirgin ko gezau, tambayarta kawai ko zan sha shayi.

Muna sauka na kira uwargida na ce ga mu a Jidda, ƙarfe 6 na safe. Ta ce ƙarfe 4 dai, ko ladan bai tashi ba. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, amma kafin azahar unguwa ta ɗauka cewa jirgi ya juya wa Alhaji kai.

Bayan tafiyata, da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma kewaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Don haka maniyyaci, bayin nan dai sai ka shige shi. Ka ɗaure haraminka tamau kafin ka danna maɓallin.