One Piece: Ana Ta Tafiya, Dukiya Ta Ƙi Bayyana

A watan Yulin 1997 wani saurayi ɗan ƙasar Japan, Eiichiro Oda, ya fara zana labarin Luffy a mujallar Shonen Jump. Luffy yaro ne mai malafa da jikin roba, ya sha alwashin sai ya gano dukiyar da ake kira One Piece ya zama sarkin 'yan fashin teku. Jaririn da aka haifa a wancan watan yanzu ya gama jami'a, ya yi aure, yana fama da kuɗin haya. Luffy kuwa yana nan cikin jirgi.

A 1999 kamfanin Toei ya mayar da labarin zane mai motsi, tashar Fuji TV tana nunawa. Kashi na 1,000 ya fito a Nuwambar 2021, yanzu an haura 1,100. Kowane kashi kusan minti 24 ne, wato wanda ya zauna ba barci ba wanka sai ya shafe fiye da kwana 18 kafin ya kamo jama'a. Mayumi Tanaka, matar da ke yi wa Luffy murya, an haife ta a 1955, ga shi ta tsufa a cikin bakin yaro.

Duk wannan bai hana masoyan shirin wa'azi ba. Da zarar ɗayansu ya ritsa aboki, sai ya marairaice: "Ka daure kawai, daga kashi na ɗari uku yake fara daɗi." Aboki ya daure. Sai ya tarar kashi guda ya ƙare a waƙar buɗewa, da tunatar da abin da ya faru makon jiya, da mutum biyu suna hararar juna, kyamara tana bin fuskokin 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa baki buɗe. Naushin da aka ɗaga yau sai mako mai zuwa zai sauka. In ya yi ƙorafi a ce masa ba shi da haƙuri.

Su ma masoyan ba su bar juna ba, zaman kishiyoyi suke yi. Masu karanta mujalla su ne uwargida, sun riga kowa sanin wanda zai mutu, kuma bakinsu ba ya riƙe sirri. Masu kallon zane suna toshe kunne suna Allah ya isa. Amarya ta tare ranar 31 ga Agustan 2023, lokacin da Netflix ya saki nasa mai kashi takwas da mutane na gaske, wanda aka ɗauka a Cape Town ta Afirka ta Kudu, Iñaki Godoy ɗan Meziko ya fito a Luffy. Nan take manyan biyu suka shirya, suka koma kan baƙi: wa ya ba mai kashi takwas izinin sa baki?

Sai aka shiga binciken kamannin abokan tafiyar Luffy a shirin Netflix. Ina dogon hancin Usopp? Ina girar Sanji mai lanƙwasa? Magidanta masu furfura suka kwana a intanet suna jimamin hanci, alhali Oda da kansa yana cikin masu kula da aikin. Amma a yi musu adalci, an taɓa cin su. A 2004 kamfanin 4Kids na Amurka ya cire sigarin da ke bakin Sanji ya maƙala masa alawar tsinke, wai don kare tarbiyyar yara. Har yau ba a yafe ba.

Kuɗi dai ba ya jiran ƙarshen labari. Littattafan sun wuce kwafi miliyan 500 a duniya, fim na 15 mai suna Red ya cika gidajen sinima a 2022, kuma tun 2018 mutum-mutumin Luffy yake tsaye a gaban ofishin gwamnatin Kumamoto, mahaifar Oda, don ƙarfafa wa jama'a gwiwa bayan girgizar ƙasar 2016. Ɗan fashi ne ke gadin ƙofar hukuma.

Mai karatun da yake ganin ya makara, ya kwantar da hankalinsa. A Disambar 2023 aka sanar cewa kamfanin Wit Studio zai sake zana shirin tun daga kashi na farko.