Furen Faransa a Garkar Gidigir

Duk wanda ya san Gidigir, a kan hanyar Damagaram zuwa Gure, ya san arzikinmu a kwari yake, inda ruwa ke kusa, ƙasa na fid da kanwa, ana noman rogo da rake a gindin dabino. Saboda haka da ƙanena mai neman ilmi a Faransa ya aiko mini da saiwoyin wani fure wai shi iris, sai na ɗauka Allah ya keɓe ni da wata falala wadda bai yi wa maƙwabta ba.

Wasiƙarsa sharhi ce sukutum: akwai na Japan, mai jinkiri, wanda ba ya buɗewa sai sauran sun yi yaushi, wannan kuwa fari ne, sunansa Immortality, Lloyd Zurbrigg ya fito da shi a Amurka a 1982, yana fure sau biyu a shekara, bisa sharaɗin kada a binne saiwar da zurfi. Abin da bai ambata ba, Allah ya gafarta masa, shi ne tsiron yana son sanyi wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba.

Na dasa rabi, ina ban ruwa safe da la'asar. Ganye ya miƙe kamar takubba, fure ko alama.

"Malam, na miya ne ko na magani?" in ji maƙwabcina.

Na ce na kallo ne. Ya yi mini addu'ar samun sauƙi.

Sauran rabin na adana a ƙwarya, nan kuwa ƙaddara ta riske su, domin ranar walimar saukar ɗana uwargida ta gan su, ta yi ijtihadi cewa cittar Turawa ce, ta daka ta zuba a kunun baƙi. Ba a kai ga shafa fatiha ba sai ga malamai, har da dattawan da tun tasowata ban taɓa ganin saurinsu ba, sun tattare riguna, kowa da butarsa, sun nufi bayan tudun rairayi, alhali babu wanda ya yi wa ɗan'uwansa sallama. Ashe saiwar nan tana gudar da ciki.

Liman, da ya komo a galabaice, ya ba da fatawa cewa shukar makaruhi ce, kunun gidana kuwa a nisance shi har illa masha Allahu. Wanzami kaɗai ya gane darajarta: kashegari da sassafe ya zo ya taya na garka duka jika biyu, ya kuma roƙe ni in rubuta wa ƙanena ya ƙaro.