Ɗan Hayar da Ke Ciki

A Kano, in kana so a kira ka Alhaji ba tare da ka taka jirgi ba, je ka majalisar dillalai ka ce kana neman gidan saye. Ni da na tsufa da alli a hannu ana ce mini Malam, rana ɗaya aka yi mini ƙarin girma a gindin wata darbejiya kusa da makarantarmu, har da kaɗe mini benci da hula. Dalili kuwa na sayar da gonar gadona ta ƙauye, na haɗa da kwasar adashi, uwargida ta ɗora da sarƙarta ta gwal, muka ce haya ta ishe mu.

Wanda ya karɓe ni wani siriri ne mai wayoyi biyu, ɗaya fuskarta a tsage, ɗayar an ɗaure ta da kyauro. Tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, nawa ka tanada?" Da na faɗa masa, daga ranar duk wani gida da ke cikin Kano da kewaye kuɗinsa ya koma daidai abin da na tanada, da ɗoriyar miliyan biyu. Sai kuɗin mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 dillalai suka mai da shi farilla, ba a ɗaga ƙafa sai an biya. Akwai ranar da muka je ganin gida a ƙasa, layi uku kacal daga majalisar, kuma sai da ya karɓa.

Gidan farko ya ce yana bayan sabuwar jami'ar Bayero, taku kaɗan daga kwalta. Muka hau adaidaita sahu muka miƙe titin Gwarzo, muka wuce Ɗanbare, muka saki kwalta muka nausa, har mai adaidaitar ya kashe inji ya ce shi iyakarsa ke nan, yana da iyali. Muka ƙarasa a ƙasa cikin kututturen dawa. Da muka isa, kango ne ba rufi, kuma mai makullin ya tafi ɗaurin aure Wudil. Dillali ya jera mini bulo biyu na hau na leƙa ta katanga, wata akuya ta ɗago kai daga inda aka ce falo ne.

"Alhaji, ka ji iska kuwa? Nan da shekara biyu wajen nan sai mai rabo."

Na biyu shi ne ya kusa cin kuɗina, don gida ne mai kyan gani, cikin gari, ga wuta ga masallaci a ƙofa. Abin da ya tsaya mini a rai fentin ne: sabo fil daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum, daga nan zuwa sama tsoho. Wani dattijo da ke alwala a ƙofar gidansa ya dube mu ya ce, "Bayin Allah, da rani kuka zo." Kano gari ne na kududdufai, ramukan da kakanni suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, ruwan unguwa ya riƙa taruwa a ciki. Yanzu sai a cika su da bola, a bi da jar ƙasa, a yanka filotai. Ruwa kuma bai san an sayar ba, duk watan Agusta yana dawowa gidansu. Wani yaro ya matso ya ce mini bara a tsakar gidan nan suka kama tarwaɗa. Dillali ya daka masa tsawa, ya juyo yana murmushi, ya ce ai yaran yanzu ba su da tarbiyya.

Maganar takarda kuwa ita ce ke sa dillali ciwon kai nan take. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke samu shaidar mallaka ce, galibi ta shekara 99. Amma unguwanni da yawa na bayan gari awon igiya ne: mai gona ya yanka gonarsa, a rubuta takardar ciniki, mai unguwa da shaidu su sa hannu. Ba laifi ba ne mutum ya saya, in dai ya san abin da ya saya, ya kuma tabbata ba a kan hanya ko ƙarƙashin babbar wayar wuta aka yanka masa ba, kada wata rana ya tashi ya ga jan fenti a katangarsa. To ni duk gidan da na tambayi takardarsa, tana wajen babban wansu a Fatakwal. Har na fara zargin mutum ɗaya ne a Fatakwal ɗin nan yake riƙe da takardun rabin Kano.

Mai gida ma ba a ganinsa. Dillalina bai san shi ba, ya dai san wani mai jar hula. Mai jar hula ya san wani mai babur, mai babur kuma ƙanin matarsa ne yake sallah sahu ɗaya da wanda aka ce shi aka ba wa gidan. Kowannensu yana ɗora nasa a kan kuɗin kamar tuwon gidan biki, kowa ya zo sai ya ƙara malmala, sannan a ƙarshe a zo a nemi la'ada kashi 5 cikin 100.

Wata Asabar da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Alhaji, kana ina? Bar abin da kake yi. An samu na gaggawa, mai shi kuɗi yake nema ido rufe."

Muka haɗu a Kabuga, su huɗu, har da wani mai ƙaton tumbi da ban taɓa gani ba, wanda aka ce shi ne mai wuƙa da nama. Muka shiga Ɗorayi. Muka karya kwanar mai shayin da nake bin bashi, na ce a raina ikon Allah, gida a unguwarmu ban sani ba. Muka shiga layinmu. Mai tumbi ya tsaya cak a ƙofar gidan da nake haya, ya buga ƙyauren da ni na sa aka yi masa walda, ya ce, "Alhaji, ga gida."

Na buɗe baki, sai kuma na rufe. Na biya kuɗin mai, gara in ga abin da na biya.

Ya kira wani almajiri ya ce ya shiga ya ce wa matar gidan ta kimtsa, maza za su shigo ganin gida. Muna tsaye a soro ya fara karanto mini falalar wurin. Rijiyar gidan ba ta taɓa ƙafewa ba, in ji shi, alhali tun watan Maris 'yan garuwa suka san ƙofar nan fiye da dangina. Wuta ba ta ɗaukewa. Rufi kuwa ko ɗigo ba ya yi. Ni da na san mazaunin kowace roba a ɗakin nan in hadari ya haɗo, har da wadda ake ɗorawa a kan talabijin, na gyaɗa kai na ce ma sha Allah.

"To mutanen da ke ciki fa?" na tambaya.

Ya matso ya rage murya. "Kada wannan ya dame ka, Alhaji. Wani malamin makaranta ne, fama yake da kansa. Haya ma sai an yi ta jeka-ka-dawo. Wata uku za mu ba shi, in ya ƙi mu san yadda za mu yi da shi."

Dillalina ya ƙara da cewa ai irin waɗannan ba a yi musu sanyi.

Muka shiga tsakar gida da sallama. Uwargida na bakin murhu da hijabi har ƙasa, ta ɗago ta gan ni a tsakiyar baƙi ina duba bango kamar yau na fara ganinsa. Kafin ta yi magana autanmu ya fito da gudu ba wando ya rungume ƙafata yana oyoyo Baba.

"Malam, lafiya? Ina cefanen?"

Tsakar gidan ta yi tsit. Mai jar hula ya shiga duba wayarsa da ba ta yi ƙara ba. Mai babur ya tuna bai kulle babur ba. Amma mai tumbi, Allah ya ba shi abin da ya ba shi, ko gezau bai yi ba. Ya gyara hula ya ce, "To Alhamdu lillahi, abu ya zo gidan sauƙi. Ka ga ba sai ka ɗauki motar kwasar kaya ba. Sai dai maganar la'ada tana nan yadda take, don mu muka nuna maka."

Da yamma na wuce wajen mai gidan, wanda shekara da shekaru nake kai masa haya hannu da hannu. Ashe kuɗin da ya sa wa gidan bai kai abin da na tanada ba, sauran duk ɗorin 'yan tsakiya ne. Na ce to Baba ga ni, a sallama mini. Ya yi shiru, ya ce shi dattijo ne, ya riga ya ba dillalai amana, ba zai zagaye su ba, in je mu daidaita. Na koma wajensu, suka ce tunda gidan ya yi mini har na zauna a ciki, kuɗinsa ya ƙaru.

Yanzu duk Asabar suna kawo masu gani, ni kuma ina tarbarsu da fara'a a soro. Ina nuna musu rijiya su leƙa, in kai su ɗaki in nuna musu tabon ruwa a silin, in ce wa uwargida ta fito da robobin a ƙirga. Mai tumbi ya daina amsa sallamata. A makon jiya dillalina ya kira ni, ya koma ce mini Malam, ya ce an rage miliyan ɗaya da rabi, nawa zan taya. Na ce masa ya bari ruwan Agusta ya sauka tukuna.