Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Alhaji Mastar

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a duk birnin da kake zaune, don mu a Arewa labarinka kawai muke ji, ba mu taɓa ganin ka sauka a tashar Dogon Dutsi ba.

Dalilin takarda shi ne ƙanwata ta gama lisans a fannin kwamfuta, ta ce sai ta neme ka. Muka ce wanne daga cikinku? Ta ce na tsara bayanai da tsara yadda mutum ke hulɗa da na'ura. Baba ya ce, "Gyaran waya ke nan?" Ta ce a'a, aikin sarkin kasuwa ne: masu hatsi nan, mahauta can, yadda baƙo zai shiga ya sami abin da ya zo nema ba tare da ya tambayi kowa ba, sai dai ita a cikin waya za ta yi. Baba ya gamsu, amma ya so a binciko masa ko sarkin kasuwar Tibiri ya yi mastar.

Kun yi yawa, kuma kowannenku da babbar riga. Ga Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014, wadda ta karkata ga fasahar zamani. Ga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ga makarantar ESMT ta Dakar, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa ta a 1981. Sakkwato ta fi Dakar kusa nesa ba kusa ba, amma sai yarinya ta sake baki da Ingilishi. Akwai kuma ɗan'uwanka na intanet, mai son rezo mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa. Allah ya ba shi ɗaliban da suka dace da shi.

Ni sunan birni bai dame ni ba. Goggonmu ta Matankari ce ta dame ni. Ɗanta na aiko mata kuɗi daga Kwatano, waya ta rubuta 5000 da Faransanci, ita kuwa jika biyar ta sani. Abin da allo ke kira 100, a bakinta dala ashirin ne, kuma a lissafin nan ba mai cutar ta. Amma da saƙo ya shigo sai ta miƙa wayar, har da lambar sirri, ga yaron shago. Wannan matar fa ita ce ke aika saƙon murya na WhatsApp safe da yamma ba ta nemi taimakon kowa ba. Kai da kanka ka san ba kanta ne ya gaza ba. Wanda ya tsara allon ne bai taɓa zama kusa da irinta ba.

To, ranka ya daɗe, cikin shekara 2 da za ka riƙe mana yarinya, sau nawa za ka kore ta daga aji ta je ta zauna kan tabarma, ta yi shiru, ta ga inda yatsan Goggo ke tsayawa? Malamanka sun taɓa ƙera abin da mai ƙaramar waya mai maɓalli ya yi amfani da shi? Ranar ƙarshe me za ta fito da shi: aikin da za ta nuna wa mai ɗaukar ma'aikata, ko kundi mai kauri da hoton hula?

Wanda ya amsa waɗannan cikinku dominsa za mu sayar da buhunan wake. A taimaka a aiko da amsa kafin a rufe neman burs a hukumar ANAB, kuma a rubuta kuɗin makaranta a fili.

Naka mai biyayya,
Wani yaya daga Tibiri